Kundin Kammala Karatu da Muryoyin da Muke Barowa a Waya

Duk ƙarshen shekarar karatu, shagunan buga takardu da ke bakin ƙofofin manyan makarantunmu kan cika da kundaye masu baƙin bango ko kore, an ɗamɓara sunan ɗalibi da na sashensa da ruwan zinare. Ɗalibi ya miƙa kwafi uku ko huɗu, a sa hannu, a ba shi maki, ya kama gabansa. Daga nan kundin ya hau kanta, ƙura ta lulluɓe shi, in an yi rashin sa'a gara ta riga masu karatu buɗe shi. Na rubuta irin waɗannan kundaye har uku, a matakin NCE da digiri na farko da na biyu, biyu daga ciki a kan ƙasar Kazaure da maƙwabtanta. Na kuma karanta na wasu da dama lokacin da nake bitar ayyukan da suka gabata. Ra'ayin da na fito da shi daga wannan gwagwarmaya shi ne, abu mafi daraja da ɗalibin Hausa ke samowa a aikin kammala karatu su ne muryoyin da ya naɗo a fagen bincike. Tsarinmu na yanzu kuwa ba ya ba su maki, ba ya adana su, ba ya ma tambayar inda suka shige.

Bari in kafa hujja da yankin da na fi sani. Ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa, tare da 'Yankwashi, su suka haɗu suka yi Masarautar Kazaure. Babura kuwa, wadda ke gabas da su dab da iyakar Nijar, tana ƙarƙashin Masarautar Ringim a yau. A wajajen 1819 ne Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure daga yankunan da ya yanko a ƙasashen Kano da Katsina da Daura, ɗansa Dambo kuma, wanda ya gaje shi a 1824, ya faɗaɗa ta. A zamanin Turawa tana cikin Lardin Kano, daga bisani Jihar Kano, har zuwa 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiri Jigawa. Ga mai nazarin harshe, wannan tarihi yana nufin abu ɗaya muhimmi: nan ne mahaɗar Kananci da Katsinanci da Dauranci, ga Fulani da suka daɗe da zama, ga babbar hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa ta tsakiya, ga kuma fatake da 'yan cirani daga ƙasar Damagaram da ba su taɓa yanke ƙafa ba. Tun a 1934 Bargery ya riƙa yi wa kalmomin ƙamusunsa alamar inda ake amfani da su, Katsina ko Sakkwato ko Haɗeja ko Daura. Bayan shekara casa'in da wannan aiki, tambayoyi masu sauƙi suna nan suna jiran ƙafar da za ta taka: idan mutum ya taso daga ƙauyukan Gwiwa da ke jikin Katsina ya nufi Kazaure, a ina “mashi” ke sakar wa “masa” wuri? A ina “ɗiya” ke komawa “'ya”? Tsoho da jikansa a gida ɗaya bakinsu ɗaya ne a kan wannan, ko rediyo da makaranta da fina-finan Kano sun raba su?

Irin waɗannan tambayoyi ba sa buƙatar farfesa. Suna buƙatar ɗan gari mai kunne, wanda ba za a yi masa kallon baƙo ba. Kuma muna da su, domin kowace shekara 'ya'yan waɗannan garuruwa suna rubuta kundaye a Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Bayero da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauransu. Tambayar ita ce me muke sa su rubutawa.

Duk wanda ya karanta kundaye biyar a kan Kazaure ya san yadda babi na ɗaya ke farawa. Za a kawo labarin mafaraucin nan Kutumbi da ya iske wani wuri da duwatsu suka kewaye, ya ce wannan wuri kamar zaure, daga nan sunan gari ya samo asali. Labari ne mai daɗi, kuma ba ni da ja da kawo shi. Abin da ke damuna shi ne yadda yake yawo daga kundi zuwa kundi da jimloli iri ɗaya, har da kuskuren bugu iri ɗaya, ba tare da an faɗi bakin wanda aka ji shi ba. Alhali labarin kansa kundi ne guda. Sunan mafaraucin ya zo ɗaya da na Sarkin Kano Kutumbi na ƙarni na 17. Dacewa ce, ko kuwa masu ruwaya ne suka jingina asalin garin ga suna mai kwarjini? Yaya ake ba da labarin a fada, yaya kuma mafarauta ke ba da shi? Mutanen Roni, da su ma suke cikin duwatsu, me suke cewa game da nasu asalin? Ɗalibin da ya naɗo ruwaya shida daga bakin mutum shida ya jera su ya nuna inda suka haɗu da inda suka rabu ya yi aikin ilimi na gaske. Wanda ya kwafo shafi biyu daga kundin yayansa ya ƙara wa kanta nauyi ne kawai.

Babi na biyu ya fi wannan ban takaici. A nan ne ake jero ma'anar adabi da ma'anar al'ada da ma'anar waƙa daga bakin masana goma goma, a cika shafi talatin, kafin a iso ga aikin da aka fito yi, wanda sau da yawa bai wuce shafi goma sha biyu ba. Ba ina rage darajar magabata ba ne. Wanda bai karanta Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya ba, ko Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau, ko aikin Abdulƙadir Ɗangambo a kan feɗe waƙa, bai shirya shiga fage ba. Amma su waɗannan malamai sun rubuta littattafansu ne domin a ɗauke su a tafi aiki da su, kamar yadda ake ɗaukar fartanya a tafi gona. (Batun tilasta wa ɗan digiri na farko ya rataya wa aikinsa wani ra'i da bai fahimta ba, don kawai a ga sunan Bature a babi na uku, wannan magana ce ta wata rana.)

Darasin da ya fi zauna mini daga fage na same shi ne a wani ƙauye na ƙasar Roni, lokacin da nake neman waƙoƙin aiki na mata. Ƙanwata ce ta shiga cikin gida, ni na tsaya a zaure, har aka fito mini da wata tsohuwa da kowa ya ce ita ce ta san su. Bayan gaisuwa na ce, “Iya, waƙoƙin daka da na daɓe muke so ki tuna mana.” Ta yi shiru, ta fara ɗaya ta tsaya, ta ce, “Ɗan nan, a zaune haka ba sa zuwa.” Sai da aka kawo turmi a ƙofar gida aka zuba gero, ta kama taɓarya, jikokinta biyu suka karɓa mata, sannan waƙoƙin suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya. Saukar taɓarya ce ke yanka layukan, numfashin mai daka ne ke tsara inda amshi zai shigo. Da na zo rubutawa a takarda, kalmomin sun hau shafi lafiya lau, amma abin da ya mayar da su waƙa ya tsaya a cikin wayar. Kuma kowa ya san inda aka dosa: injin niƙa ya kori dutsen niƙa, siminti ya kori madaɓi, injin surfe yana bin turmi. Aikin da ya haifi waƙar yana ƙarewa, masu ita kuma shekaru sun ja.

Wannan matsala ta wuce waƙa. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti, ba ta kuma nuna tsawon wasali. Saboda haka duk abin da aka juyo daga baki zuwa takarda da rubutun yau da kullum ya riga ya zubar da rabin shaidar da mai nazarin karin harshe ke buƙata. Ƙari a kan haka, ɗalibi kan “gyara” maganar tsoho ta koma Hausar aji, don kada a ce bai iya rubutu ba. Abin da ya tsira daga hannunsa kuma ya faɗa hannun mai buga takardu, wanda kwamfutarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa, sai “ƙafa” ta koma “kafa”, “ɓata” ta koma “bata”. A ƙarshe kundin da ke iƙirarin nazarin Hausar Babura ba ya ɗauke da Hausar Babura ko layi ɗaya. Shaidar tana cikin muryar da aka naɗa. Ita kuwa muryar tana cikin wayar ɗalibi, wayar da za a sayar ko a sace ko a goge katinta don a sami wurin hotunan bikin yaye ɗalibai.

Idan muka waiwayi tarihin fanninmu za mu ga abin da ke daɗewa. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya fitar cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuto mafi yawansa da ajami. Fiye da ƙarni guda ke nan muna komawa gare shi, kuma abin da muke nema a ciki shi ne ɗanyen abin da aka tattara: tatsuniya da labari da karin magana da yanayin Hausar wancan zamani. Sharhi kan tsufa da sauri, domin kowane zamani da tambayoyinsa. Abin da aka tattara da amana kuwa ƙara daraja yake yi, tun da ba za a iya komawa a sake tattaro shi ba.

Akwai misali daga ƙasar Ayalan da ya kamata kowane sashen Hausa ya sani. Tsakanin 1937 da 1939, hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi da ƙungiyar malamai, aka sa 'yan firamare su je gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, su rubuto tatsuniyoyi da magungunan gargajiya da sunayen gonaki da wasanni da sana'o'i da tarihin ƙauye. Yara fiye da 50,000 daga makarantu kimanin 5,000 suka shiga aikin, aka tara shafuka wajen 740,000. An ba su ɗan littafin jagora mai jerin batutuwa, aka kuma umurce su da rubuta suna da shekaru da mazaunin wanda ya ba su bayani. Tarin yana ajiye a jami'a a birnin Dablin, an kuma ɗora shi a intanet, inda jikokin waɗancan yara ke iske rubutun hannun kakanninsu. Yaran firamare ne, da alƙalami da littafin rubutu. Mu kuwa muna da 'yan aji huɗu na jami'a da suka yi darasin tsarin sauti da na adabin baka, kowanne da na'urar naɗar murya a aljihunsa.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar sabon gini ko sabuwar manhaja. Sashe ya zaɓi yanki da jigo na shekara uku ko huɗu, ya rarraba wa ɗalibai gunduwa gunduwa, kowa ya ɗauki abin da zai iya cinyewa. Maimakon “Nazarin Al'adun Aure a Ƙasar Hausa”, taken da ya fi ƙarfin mai digiri na uku ma, sai a sami mai tattara kalmomin su da sunayen kifi da kayan aikin masunta a madatsar ruwa ta Kazaure. Mai bin kalmomin noman rani a gefen kogin Gari. Mai naɗar yaren ciniki a kasuwar Babura, inda naira da sefa ke haɗuwa. Mai tattara sunayen unguwanni da fadamu da duwatsu a gunduma ɗaya ta Roni tare da abin da mazauna ke cewa game da asalinsu. Mai bin sunayen irin gero da dawa da riɗi a ƙauyukan Gwiwa, waɗanda irin zamani ke turewa. Kowane ɗalibi ya miƙa muryoyinsa tare da kundinsa, kowace murya da ranar ɗauka da wuri da shekarun mai magana da sana'arsa, da rubutaccen juyi wanda ba a taɓa masa ko wasali ba. A ware wa wannan kaso mai tsoka na maki, domin ɗalibi, kamar kowa, inda ake biya nan yake zuba ƙarfinsa. Bayan shekara huɗu sashen zai wayi gari da abin da zai iya zana taswirar karin harshe da shi, ɗaliban digiri na biyu da na uku kuma su sami tushen da za su ɗora gini.

Ta fuskar adanawa ma yankin ya yi sa'a. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha wadda ta yi suna wajen horar da matasa aikin kwamfuta. Babura kuma ta sami Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. A faɗin ƙasar nan ɗaliban kwamfuta kan kammala karatu da gina manhajar biyan albashi ko ta kama ɗaki a otal na ƙirƙira, wadda ba wanda zai taɓa amfani da ita. Me zai hana ɗalibin kwamfuta da na Hausa su haɗa hannu, wannan ya kawo muryoyi, wancan ya gina rumbun da za a zuba su a kuma iya lalubo su da sunan gari ko jigo ko kalma? Kowanne ya sami makinsa a sashensa, aikin kuma ya sami mai amfani da shi tun ranar da aka gama.

Na san abin da malamaina za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Malami ɗaya na iya duba ɗalibai ashirin ko fiye a shekara, ga koyarwa, ga duban jarrabawa, ga nasa binciken da ƙarin girma ya rataya a kai. Yaushe zai zauna sauraron awa arba'in na hira? Amsata ita ce ba sai ya saurari duka ba. Ya zaɓi minti biyar daga inda ya ga dama a ranar kare kundi, a kunna, a gwada da abin da ɗalibi ya rubuta. Wannan ya fi karanta ma'anar adabi karo na ashirin sauƙi, ya kuma fi fallasa wanda bai je fage ba. Jigo guda ga rukuni guda yana rage wahala, domin za a horar da su tare sau ɗaya kan yadda ake neman izinin dagaci ko mai unguwa, da yadda ake yin tambayar da ba ta sa wa mutum amsa a baki, da dalilin da ya sa ba a neman manomi da hantsi a tsakiyar damina. Za a kuma ce ɗan digiri na farko bai ƙware ba, abin da zai kawo zai zo da tsakuwa. Haka ne. Amma murya mai ƙara a bayanta, in dai tana da rana da wuri, gwani zai iya tsince ta bayan shekara hamsin. Batun kuɗin mota kuwa, tura ɗalibi garinsu ya fi komai araha.

Akwai kuma wata fa'ida da zamani ya ƙara wa nauyi. Cinikin kundi ba sabon abu ba ne, kowa ya san ana sauya bango da sunan gari a miƙa. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke iya cika babi biyar kafin a sha shayi. A 2025 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin NERD, wanda ya wajabta ɗora kundin kammala karatu a rumbun ƙasa kafin a tura ɗalibi hidimar ƙasa. Mataki ne mai kyau, zai taimaka wajen kama kwafe, zai kuma ceci kundaye daga gara. Sai dai rumbu abin da aka zuba masa yake ajiyewa. In ƙaiƙayi aka zuba, ƙaiƙayi za a ɗebo. Abin da na'ura ba za ta iya haɗawa a ɗaki ba, mai shago kuma ba zai iya sayarwa ba, shi ne muryar masunci ɗan shekara saba'in yana bambanta koma da taru da birgi, ana jin muryar ɗalibin yana yi masa tambaya.

Ƙalubalen da na fi ɗauka da nauyi shi ne na amana. Kundin da ke kan kanta ba ya cutar da kowa saboda ba mai karanta shi. Murya a intanet kuwa tana iya isa inda mai ita bai taɓa zato ba. Matar aure da ta rera waƙar daka don ƙanwar mai bincike ta ji ba ta ba da izinin duniya ta ji ba. Mai maganin gargajiya ko mafarauci na iya sakin wani sirri cikin daɗin hira, wanda gadon gidansu ne kuma abincinsu. Tarihin sarautar ƙauye ko iyakar gona kuwa, a wurare da yawa, magana ce da ba ta mutu ba, ruwaya ɗaya na iya tayar da rigimar da aka binne. Don haka dole rumbun ya zama mai hawa hawa: abin da kowa zai ji, abin da sai mai bincike da izinin sashe, da abin da za a rufe har zuwa wasu shekaru ko a sakaya sunan mai shi. Mai maganar ne kuma zai zaɓi hawan da yake so, bayan an yi masa bayani da Hausar da yake ji.

A nan takardar neman izini irin ta Turawa ba ta da amfani sosai. A ƙauyukan da na yi aiki, fito da takarda a ce dattijo ya sa hannu ko ya dangwala yatsa ya isa ya rufe bakinsa, domin a saninsa takardar da ake dangwalawa ta fili ce ko ta kotu ko ta bashi. Abin da na ga yana aiki shi ne a naɗi izinin da baki a farkon hirar: ɗalibi ya faɗi sunansa da makarantarsa da abin da za a yi da maganar da waɗanda za su iya jin ta, dattijo ya amsa da bakinsa, ya kuma faɗi abin da bai yarda a fitar ba. Idan an kammala, a koma masa da kwafin muryarsa a katin waya, a kuma bar kwafin kundin a makarantar garin ko a hannun dagaci.